Idon Hagun Na-Dutse

Ran nan autana ya ɗauko ni a bayan mashin za mu lopital, wato asibiti, a duba mini gwiwa, sai ya yanke ta hanyar bakin kogi saboda cunkoso. Muna kawowa daidai inda filinmu na dambe yake a da, na taɓa kafaɗarsa na ce ya tsaya. Ya tsaya yana tambayata ko jiri nake ji. Ba jiri ba ne, wurin ne na kasa ganewa. An zuba ƙasa an cike gangaren, an jera shaguna masu ƙofar ƙarfe, wani yana sayar da tayoyi, wasu samari suna wanke mashina, rediyo na ta kururuwa da Faransanci. Tsamiyar da makaɗa ke zama a gindinta babu ko kututturenta. Na daɗe ina neman ko da abu guda da zan nuna masa in ce a nan aka yi kaza, ban samu ba. Na ce mu tafi. Tun daga ranar mutanen filin nan suke ta dawo mini a rai ɗaya bayan ɗaya, kuma da yake yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, na ga gara in faɗi abin da na sani kafin ni ma a neme ni a rasa.

Mu Hausawan Garwa ba mu da yawa a lokacin, yanzu ma dai haka. A kasuwa Fillanci ake yi, a ofis Faransanci, sai mun koma unguwa mu saki Hausarmu. Amma fawa tamu ce, dambe kuwa na mahauta ne. Ni a gidan fawa na tashi. Ana sallame asuba muke mayanka. Abin da kunnena ya fara sabawa da shi a duniya shi ne ƙarar wuƙa a kan dutsen washi, da kukan shanun da aka kwana da su a ɗaure, da muryar Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cewa a riƙe ƙafa da kyau. In an gama fiɗa, mu samari mu ɗauki cinyar sa a kafaɗa mu kai har rumfa a kasuwa, babu amalanke, babu mota, jini na bin bayanka har ƙugu. Mu dawo mu kwashi kayan ciki mu gangara kogin Binuwai mu wanke, dorina na hura hanci can tsakiyar ruwa, mata masu wanki suna yi mana tsiya da Fillanci. Da damina in ruwa ya cika, jiragen kaya kan shigo har gari, ka ji ƙahonsu tun daga nesa, mu je mu yi dakon buhuna don mu ƙara ƙarfin wuya. Babu wanda ya taɓa ce mana wannan horo ne, aiki ne kawai. Sai in an yi kaka, ruwa ya janye ya bar rairayi fari fat a bakin kogi, ran kasuwa bayan la'asar ka ji kalangu ya tashi daga gindin tsamiya. Wallahi ko nama kake yanka wa mutum sai hankalinka ya koma can.

Kawu shi ke ɗaure mini hannu. Zai naɗa tsumma a dunƙulen hannuna na dama, sannan ya bi da zare mai kauri yana ja yana ɗaurewa har sai yatsuna sun daina ji. Wannan hannun shi ne mashi, ɗayan da ake miƙawa gaba a buɗe shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi, wato zagaye uku, kuma duk wanda ya kai gwiwa ko hannu ƙasa an ce an kashe shi ke nan, ko da ya miƙe yana dariya. Yana ɗaurin yana magana. Yakan ce, "Namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Kai kuma ba a tauna ka ba tukuna, saboda haka rage baki." Na ga mutumin da aka fasa wa leɓe ya tofar da haƙori biyu a rairayi ya koma ya gyara tsayuwa. Na ga wanda wuyan hannunsa ya goce a turmin farko, bai gaya wa kowa ba sai da aka tashi, aka kai shi wurin maɗori ya ciji tsumma aka ja. Maganinmu ruwan zafi ne da man shanu da kwana biyu a kwance. Yanzu yaran gidana suna nuna mini dambe a waya, da safar hannu mai laushi, da likita a gefe, da mai ƙirga lokaci. Ba na raina su, kuma ba na fata a koma irin namu. Na san yadda mazan jiyan nan suka ƙare. Wani hannunsa ya riƙa karkarwa har ba ya iya kai loma baki, wani ya kurmance, wani ya manta sunayen 'ya'yansa. Jikinsu suka ba mutane kallo, mutane suka tafa suka watse. Amma akwai wani abu a zuciyarsu da ban cika gani yanzu ba, kuma a wurin mutum guda na fi ganinsa.

Ba zan faɗi sunansa na yanka ba, mu dai Na-Dutse muke ce masa. Manomi ne daga duwatsun wajen Mayo-Ulo, Kirista, ba Bahaushe ba, ba kuma ɗan fawa ba. An ce yana saurayi ya zo cin rani ya yi aiki a mayanka, a nan ya ga dambe ya shiga, ya zo ya fi masu abin. Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa kamar turmin daka. Mu muna shiga fili da layu a damtse, shi ɗan gicciye ne na katako a wuyansa, in zai fara ya cusa shi a baki ya sumbata ya mayar baya. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwansa da bambanta namiji da mace, in ta ƙare masa ya ƙarasa da Fillanci. Bahago ne, da hagu yake duka, kuma duk wanda ya san dambe a ƙasar nan, daga garin Gidar har Garwa, ya san ba a zagaya ta hagun Na-Dutse. Can mashinsa yake. Shekara da shekaru yana saukowa bayan an tsinke auduga, shi da mutanen ƙauyensu cike da bayan kamiyo, babbar motar kaya, ba a taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba. In ya kashe mutum ba ya tsalle ba ya kirari, sai ya sunkuya ya ɗaga shi ya kakkaɓe masa rairayi.

A shekarar da nake ba da labari na kashe mutum huɗu a jere, kaina ya kumbura. Makaɗa sun yi mini take, 'yan mata masu tallar kifi sun san sunana. Shi kuwa Na-Dutse furfura ta fara fito masa a gemu. Aka fara cewa bana sai an haɗa mu. Ina so, ina kuma tsoro, don na taɓa ganin yadda ya kwantar da wani ƙato har sai da aka yayyafa masa ruwa.

Kwana uku kafin ranar, wani direban kamiyo mai bin hanyar Gidar ya zo rumfarmu sayen tsoka. Ya jira Kawu ya tafi alwala, sannan ya matso ya rage murya.

"Kai ne za ka shiga da Na-Dutse?"

Na ce ni ne.

"To bari in ba ka sadaka. Idonsa na hagu ya mutu. Ka gan shi garau kamar lafiyayye, amma ba ya ganin komai da shi. Ni na ɗauko shi ran nan, na miƙa masa goro ta wannan gefen har hannuna ya gaji, bai sani ba."

Ya ɗauki namansa ya tafi. Na tsaya da wuƙa a hannu. Da Kawu ya dawo ya ce me mutumin nan yake raɗa maka, na ce farashi yake nema a rage masa. Wannan ce ƙarya ta farko da na taɓa yi masa, kuma na san dalilin da ya sa na yi ta. Da na faɗa masa, da zai tafi da ƙafarsa ya ce a fasa.

Ranar ta zo. Ban taɓa ganin taro irin wannan a bakin kogi ba. Mahauta sun taso daga kasuwa ko wanka ba su yi ba, wuƙaƙensu a ƙugu. Mutanen dutse sun tsaya gefe guda da sandunansu na tafiya, da matansu, da goyo. Masunta sun jawo kwale-kwale bakin gaɓa sun hau kai suna leƙe. Aka buga takensa ya fito a hankali, aka buga nawa na fito ina tsalle. Muka miƙa garkuwa, yatsunmu suka taɓa.

Na taka zuwa damata, wato hagunsa. Na ƙara taku. Sai na ji fili ya ɗauki ihu, mai kalangu ya canza kiɗa yana kirari cewa ga yaron da ya shiga ta ƙofar da maza ke gudu. Su a ganinsu jarumta ce. Ni kaɗai na san inda na shiga babu mai gadi. Na kai masa duka a kunne, ya ji shi sosai, ya juyo da dukan jikinsa don ya same ni da idon dama. Na sake zamewa hagu. A nan ne ya tsaya cak, ya dube ni, ya ɗan gyaɗa kai sau ɗaya. Ba fushi a fuskarsa. Ya gane na sani, ni ma na gane ya gane.

Da aka raba turmin farko na ga wani dattijo cikin mutanensa ya riƙe masa hannu yana magana da ƙarfi da yarensu, yana nuna hanya. Ko ba ka jin yaren ka san cewa yake a haƙura a tafi gida. Yana da damar ya ce hannunsa ya goce, babu wanda zai ƙaryata shi. Ya zare hannunsa, ya kurkure baki, ya dawo tsakiyar fili ya tsaya yana jirana.

A turmi na biyu ya daina nemana da ido. Ya sunkuyar da kai gefe kamar mai sauraren kira daga nesa. Ban fahimci abin da yake yi ba sai da na taka, rairayi ya yi ƙara ƙarƙashin ƙafata, kafin in sauke ɗaya ƙafar mashinsa ya same ni a haƙarƙari. Na ji abu ya ce ƙas a cikina. Numfashi ya ɗauke, duniya ta yi ja, gwiwata ta lanƙwashe har saura kaɗan ta taɓa ƙasa. Allah ne kawai ya tsayar da ni. Da kunne ya same ni, mutumin nan, a tsakiyar ihun ɗaruruwan mutane da kalangu uku.

A na uku na daina taku mai ƙara. Na ja ƙafa a hankali, na riƙe numfashi, na zagaya har na kai inda ko inuwata ba ya gani. Ya kai duka inda yake zaton nake, ya sami iska. Na sauke masa nawa a muƙamuƙi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ya yi taku biyu baya, ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu.

Mahauta suka yi kaina za su ɗaga ni. Ba su kai ga ɗagawa ba sai dattijon nan ya faɗo fili yana ihu da Fillanci don kowa ya ji, yana cewa an ci amana, yaron nan ya san mutumin ba ya gani da hagu, wani ya sayar da sirrinsa. Samarin dutse suka biyo shi da sanduna a ɗage. Namu suka kai hannu ƙugu. Na ga wuƙa ta fito rabi daga kube a hannun wani abokina da muka tashi tare. Mata suka fara kururuwa suna jan yara. Tsakanin ɓangarorin biyu bai fi taku biyar ba, kuma na rantse da an ƙara minti guda da sai an ɗauki gawa a wurin, da kuma mutanen dutse ba su ƙara sauka kasuwarmu lafiya ba.

Na-Dutse ya miƙe da kansa, ya ture masu son tallafa masa. Jini na zuba daga bakinsa. Ya shiga tsakani ya ɗaga hannun da ke ɗaure, ya yi magana da Hausarsa ta kasuwa.

"Wa ya ce ban gani? Idona biyu lafiya lau. Ni na san jikina, ba ku ba. Yaro ya shigo wurin da kowa yake tsoro, ya kashe ni. Shi ke nan. Dambe ne. Kowa ya mayar da abinsa."

Ya maimaita da Fillanci, ya juya ya faɗa wa nasa da yarensu, da tsawa. Sanduna suka sauka. Wuƙa ta koma kube. Ya taka da ƙafarsa har inda kamiyonsu yake, bai waiwayo ba.

Aka kai ni gida a kafaɗa, kowane taku haƙarƙarina na sukana. Da mutane suka watse, Kawu ya zaunar da ni a zaure zai kwance mini hannu. Al'adarsa ya warware zaren a hankali ya naɗe shi ya adana. Ya riƙe hannun bai fara ba, ya ce, "Dube ni. Ka sani?"

Na ce, "Na sani, Kawu."

Ya zaro wuƙarsa ya yanke zaren gunduwa-gunduwa ya zubar a ƙasa. Ya ce, "Yau a filin nan namiji ɗaya na gani, kuma ba ɗan 'yar'uwata ba ne. Ka nemi mai ɗaure maka hannu." Bai tona ni ba har ya bar duniya, bai kuma ƙara taɓa hannuna ba. Na yi wasu shekaru ina dambe, ko'ina na je ana nuna ni ana cewa ga wanda ya kashe Na-Dutse, ina amsa gaisuwa, abin yana ci na a ciki. Shi kuwa bai ƙara saukowa ba.

Sai da na yi aure na haifi 'ya'ya, na bar fili na koma sayen dabbobi a kasuwannin ƙauye, sannan wata rana harka ta kai ni Mayo-Ulo. Na tambaya aka nuna mini hanya. Na hau dutse da ƙafa, ta cikin 'yan gonakin da suke tare ƙasarsu da jerin duwatsu, har na kai wasu bukkoki kusa da wata 'yar majami'a mai rufin kwano. Yana zaune a inuwa yana tufka igiya. Ya rame, kuma idon dama ma ya bi na hagu. Na yi sallama na durƙusa.

"Jam na?" ya gaishe ni da Fillanci. "Wane ne?"

Na ce, "Baba, ni ne yaron Garwa. Na bakin kogi."

Ya ajiye igiyar. Sai ya fashe da dariya har da tari. Ya kira matarsa ta kawo ruwa da gyaɗa. Na kasa sha. Na ce masa na zo ne in faɗi abin da na daɗe ina ɗauke da shi, cewa an gaya mini zancen idonsa kafin mu shiga, da saninsa na yi abin da na yi.

Ya ce, "To ai na sani. Tun taku na biyu."

"Me ya sa ka rufa mini asiri, Baba?"

"Ba kai na rufa wa ba. Naku da wuƙa, nawa da sanda da mata da goyo. In na ce e, wa zai koma gida?" Ya laluba ya ɗauki gyaɗa ya ɓare. "Kuma ka ji wata gaskiya. Damina biyar ina shiga fili da ido ɗaya. Kullum in na sauka ina cewa yau wani zai gane. Na gaji, yaro. Kaina yana ciwo, ina tsoro, amma in an buga take na mutane suna kallona, yaya zan ce na bari? Irinmu ba ya iya sauka da kansa, sai an sauke shi. Kai ka sauke ni. Hanyar da ka bi ba kyau, kai ma ka sani, shi ya sa ka hau dutsen nan. Na yafe. Sha ruwa."

Na sha. Muka daɗe muna hira, yana tambayata mutanen fili ɗaya ɗaya, ina gaya masa wanda ya mutu da wanda ya rage. Da na tashi tafiya ya ce ran kasuwa ce, ya daɗe bai sauka ba, in riƙe shi mu gangara tare. Muka sauko a hankali, hannunsa a kafaɗata, yana faɗa mini inda kowane dutse yake tun kafin in gan shi. Muna shiga kasuwa mutane suka fara gaishe shi ta ko'ina. Ya tsaya a tsakiyar masu sayar da dawa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku zo ku gani! Kuna ta tambaya wa ya taɓa kai ni ƙasa. To ga shi, ya zo gaishe ni tun daga Garwa. Ku ba shi wurin zama, baƙona ne."

Aka kawo mini kujera, aka kewaye ni ana miƙo hannu. Ni da na karye a haƙarƙari ban yi ƙwalla ba, ranar na zauna a tsakiyar kasuwar mutane, da gemuna, na rufe fuska da hula ina kuka, shi kuma yana tsaye a kaina yana ba su labarin turmi na uku, yana ƙara mini ƙarfin da ban taɓa yi ba.